Filin ƙwallo na haya: me kuɗinka ke saya, kuma ko a ɗora wa filin unguwa irin wannan kuɗi?

Filayen ƙwallo masu ciyawar roba sun yawaita a Kano da Kaduna cikin 'yan shekarun nan. Ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa ya buɗe tasa cibiyar wasannin a unguwar Hotoro da ke Kano a 2017, kuma daga wancan lokaci zuwa yau da wuya ka rasa irin wannan fili a manyan unguwannin birni: a kewaye wuri da ragar waya, a shimfiɗa koren kafet, a kafa fitilu, a riƙa ba da haya awa-awa. Ma'aikaci da ɗan kasuwa da ba su samun sukuni sai bayan isha'i sun samu wurin motsa jini, kuma a watan azumi, daga an idar da asham har tsakar dare, layi ake bi.

Ra'ayinmu game da wannan sana'a shi ne, filin haya da ake kula da shi ya cancanci kuɗinsa, musamman da dare. Wanda ba a kula da shi kuwa ya fi filin ƙasa haɗari, ga shi kuma kana biya. Amma dalilin da ya sa muka ga dacewar a warware yadda lissafin yake shi ne, nasarar waɗannan filaye ta sa ana yawan jin cewa ai filayen gwamnati da na unguwa ma a sa musu kuɗin shiga. Wanda ya san abin da kuɗin haya ke biya a filin roba zai gane inda wannan magana ta yi daidai da inda ta kauce.

Yawancin filayen nan na 'yan biyar-biyar ne, wasu na bakwai-bakwai. Girman da aka fi gani bai wuce mita 40 a tsawo da 20 a faɗi ba, wato murabba'in mita 800. Idan ka kwatanta da cikakken fili mai mita 105 da 68, wanda ya kai murabba'in mita 7,140, za ka ga kusan kashi ɗaya ne cikin tara. Ragar golansu ƙarama ce, galibi mita 3 a faɗi da 2 a tsayi. Mutum goma ne a ciki, amma ƙungiyar abokai takan zo da mutum goma sha biyar, a kasu gida uku, wanda aka ci ya fita na waje ya shigo. Kuɗin awa ɗaya kuma karo-karo ake yi, a raba shi kan adadin waɗanda suka zo. Wannan rabon ne ke sa hayar ta yi wa mai albashi sauƙi, ta kuma gagari yaro ɗan shekara goma sha biyu.

Abin da kake takawa a kai hawa-hawa ne. A can ƙasa akwai burji da aka daddaɓe da inji, sai tsakuwa, sai garin dutse da aka baje ya yi sumul, tare da ɗan gangare na kimanin santimita ɗaya a kowace mita domin ruwa ya samu hanyar wucewa. A kan wannan ake warware kafet ɗin, wanda kan zo a naɗe, yawanci mai faɗin mita huɗu, a haɗa bakin ɗaya da ɗaya da wani ƙyalle mai ƙarfi da gam na musamman. Gashin kafet na ƙwallo yakan kai milimita 40 zuwa 60. Daga nan sai a zuba yashi wankakke busasshe, wanda kan kai kilo 20 a kowace murabba'in mita, kusan tan 16 ke nan a fili mai mita 800, sannan a bi da baƙin garin roba da ake niƙawa daga tsofaffin tayoyi. Yashin ne ke danne kafet ɗin ya kuma tsayar da gashin, robar ce ke ba shi taushi idan ka faɗi.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, shiga filin ka duba wurare uku. Na farko gaban raga, inda gola ke tsayawa. Tsuguna ka cusa yatsa cikin ciyawar. Idan yatsanka ya nitse cikin garin roba, kuma gashin da ya leƙo sama bai wuce santimita ɗaya da rabi zuwa biyu ba, filin na da lafiya. Idan ka ga gashin ya kwanta yana ƙyalli, yatsanka kuma ya taɓa bayan kafet kai tsaye, to robar ta gudu gefe, kuma a zahiri kana wasa ne a kan garin dutse da aka lulluɓe da leda. A irin wannan wuri ake samun ciwon gwiwa da na dunduniya, kuma ƙujewar da mutum zai yi idan ya zame ba ta warkewa da wuri. Na biyu, bi layin haɗin kafet da fararen layukan fili, domin su ma yanka ake yi a liƙa. Zafin rana yana sa kafet ya miƙe, sanyin dare ya sa ya tsuke, idan gam ɗin ba mai kyau ba ne ko an liƙa shi cikin ƙura, bakin zai ɗaga. Bakin da ya ɗaga ko da santimita ɗaya ne ya isa ya kama kan takalmi ya jawo targaɗe. Na uku, dubi tazarar da ke tsakanin layi da ragar waya. Masu son cinye kowane taku na filinsu sukan bar ƙasa da mita ɗaya, ga ƙarafan da ke riƙe da wayar a tsirara, ba soso ba komai.

Dalilin lalacewar yawancin filayen ɗaya ne: ba a share su. Ba sharar tsintsiya muke nufi ba. Akwai faffaɗan buroshi da ake ja a kan filin domin ya tayar da gashin da ya kwanta, ya kuma dawo da garin roba daga gefe zuwa tsakiya da gaban raga. Ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce a ja shi bayan kowane awa goma na wasa, wato filin da ke aiki kowane dare yana buƙatar sau biyu ko uku a mako. A nan Arewa akwai ƙarin matsala da masu ƙera kafet ɗin ba su yi lissafinta sosai ba, wato ƙurar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura mai laushi tana sauka cikin yashin, ta toshe ƙananan hudojin da ke bayan kafet. Ba za ka lura ba sai ruwan Agusta ya sauka, ka ga ruwa ya kwanta, garin roba yana yawo a kai yana bin lambatu. Filin da aka buɗe yashinsa aka tsabtace kafin damina, minti talatin bayan ruwa ya ɗauke ana iya wasa a kai. Wanda aka ƙyale sai washegari.

Zafi kuma ba shi da magani sai kauce masa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, saman ciyawar roba yakan wuce digiri 60 da rana tsaka, har ka ji shi ta cikin takalmi. Duk rangwamen da za a yi maka daga ƙarfe sha ɗaya zuwa la'asar a bazara, kada ka karɓa, balle ka kai yara. Yayyafa ruwa yana sanyaya shi na ɗan lokaci kaɗan ne. Takalmi mai dogayen haƙora na filin ciyawa ma ba nasa ba ne, yana cijewa a kafet ƙafa ta tsaya jiki ya juya. Mai ƙananan haƙora da yawa shi ya dace, kuma mai filin da ya san aikinsa zai hana ka shiga da wancan tun daga ƙofa.

Ta fuskar haske, filayen sun bambanta ƙwarai. Wanda aka yi daidai yana da fitilu kamar takwas masu wat 200 a kan turaku masu tsayin mita shida zuwa takwas, a ɓangarori biyu, an karkatar da su ƙasa. Wanda aka yi da araha yana da fitilu huɗu a kan gajerun ƙarafa, hasken yana dukan idon gola, tsakiyar fili kuma da inuwa. Tambayi abin da ke faruwa idan wuta ta ɗauke: minti nawa ake ɗauka kafin a tayar da janareta, kuma ana mayar maka da mintocin da suka tafi? Wannan, da batun lokacin da agogo ke fara ƙirgawa, su ne tushen yawancin rigimar da ake yi da masu kula da fili. Wuraren kirki suna rubuta sunan ƙungiya da lokaci a littafi ko a WhatsApp, suna barin minti biyar tsakanin masu fita da masu shiga, suna kuma faɗa maka tun farko ko kuɗin da ka ajiye zai dawo idan ruwan sama ya hana wasa. Inda ba a yin haka, za ka tarar an ba ƙungiya biyu awa ɗaya, kuma wanda ya fi sanayya shi ke shiga. Banɗaki, ruwan alwala, wurin sallah da akwatin magani na gaggawa ba alfarma ba ce a wurin da ake karɓar kuɗi, amma akwatin maganin shi aka fi rasawa.

Yanzu ga lissafin da ya fi komai muhimmanci. Mutane da yawa suna zaton man janareta ne ke cinye kuɗin haya, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Ba haka ba ne. Fitila takwas masu wat 200 kilowat 1.6 ne kacal, ƙaramin janareta zai ɗauke su da kimanin lita ɗaya ko ɗaya da 'yan kai a awa, sola mai batir ma tana iyawa. Babban kuɗin yana cikin kafet ɗin kansa. Daga waje ake shigo da shi, da dala ake sayensa, kuma ko da kulawa mai kyau shekara takwas zuwa goma yake yi, a ranar Arewa da rashin kulawa ma bai kai haka ba. A ce fili yana samun haya awa biyar a dare, kwana shida a mako. Awa 30 ke nan a mako, kusan 1,500 a shekara, 12,000 cikin shekara takwas. Kuɗin sabon kafet da yashinsa da robarsa da ladan masu shimfiɗawa, a raba shi gida 12,000, abin da ya fito shi ne adadin da ya wajaba a ware daga kowace awa a ajiye, kafin a yi maganar albashin mai gadi, hayar ƙasa ko riba. Mai filin da bai ware wannan ba zai ga kamar yana cin riba shekara huɗu, a ta biyar ya rasa abin da zai sauya kafet da shi. Shi ya sa kake ganin filayen da suka buɗe da farin jini sun koma baƙaƙe, a yayyage, amma farashin awa bai ragu ba.

Ke nan kuɗin da kake biya a filin roba yana sayen abubuwa ne da za ka iya nunawa da yatsa: kafet da ke cinyewa da kowane taku, hasken dare, da tabbacin cewa daga ƙarfe tara zuwa goma filin naku ne ku kaɗai. To wanne daga cikin waɗannan filin unguwa yake da shi?

Sai an rarrabe, domin filin gwamnati iri-iri ne. Akwai manyan filaye kamar na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wanda ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da na kofin Afirka a 2000 da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, ko filin Ahmadu Bello na Kaduna. Babu mai hankalin da zai ce a buɗe waɗannan kowa ya shiga ya buga. Duk inda ake son ciyawar gaske ta rayu a cikakken fili, ko da ƙiri-ƙiri ce mai jure fari, a bazara tana shan ruwa kamar milimita shida a rana. Milimita ɗaya a murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, saboda haka fili mai mita 7,140 yana buƙatar lita fiye da dubu arba'in kullum, ga yanka, ga taki, kuma 'yan awanni kaɗan a mako yake iya ɗauka kafin tsakiyarsa da gaban ragarsa su zama sanƙo. Irin wannan fili dole a taƙaita masu shiga, dole kuma ƙungiyar da za ta yi amfani da shi ta biya.

Filin ƙasa na unguwa ko na makarantar firamare wani abu ne dabam. Ba ya shan ruwa, ba a yanka shi, kuma yawan taka shi ba ya rage masa daraja. Abin da yake buƙata a shekara sananne ne: a kawo tifa 'yan kaɗan ta burji a cike kwazazzaban da damina ta haƙa, a baje a daddaɓe a watan Oktoba kafin ƙasa ta bushe ta yi tauri, a tsince kwalabe da ƙusoshi, a shafa wa ƙarafan raga fenti a kuma tabbatar an kafa su da siminti domin kada su faɗo wa yaro, a sauya raga, a samu farar ƙasa ta zana layi. In an so ƙari, banɗaki da tankin ruwa. Kafin ka karɓi kuɗin shiga a wannan fili sai ka katange shi, kuma kewayen cikakken fili da 'yar tazararsa ya kusan mita 400. Sai ka ɗauki aƙalla mutum biyu masu tsaron ƙofa, safe da yamma, sai ka buga rasit. Kuɗin katangar kaɗai zai gyara filin shekaru da yawa, albashin masu karɓar kuɗin kuma zai cinye 'yan canjin da yara za su kawo, in ma sun kawo. Harajin da kuɗin tattara shi ya fi abin da yake tarawa ba shi da amfani ga kowa sai mai tsaron ƙofa.

Sannan yaran ba za su daina ƙwallo ba, titi za su koma, tsakanin 'yan adaidaita da kwata. Filin kuma zai zauna babu kowa yawancin yini, wannan shi ne haɗarin da ya fi damun mu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, saboda haka babu wata unguwa da ke da tabbacin filinta sai dai idon jama'a da ke kansa. Filin da yara ɗari biyu ke cika shi kowace la'asar yana da wuyar yankawa, domin iyayensu da mai unguwa za su yi magana. Wanda ya koma kufai kuwa sai a wayi gari an ce ba a amfani da shi, a fara da shaguna a jikin katanga, daga nan a shiga ciki. Mutanen Kano ba sa buƙatar a ba su labarin wannan. Rushe-rushen da gwamnatin jihar ta yi a watan Yunin 2023 ya fara ne da wani ginin shaguna da ke filin sukuwa, kuma ko wane ɓangare mutum yake a waccan taƙaddama, ya ga yadda filin wasa ke komawa kasuwa.

Wannan ba ya nufin komai ya zama kyauta. Abin da ya dace a kwaikwaya daga filin haya shi ne a sa kuɗi a kan abin da ke da tsada ko abin da ke hana wasu, a bar takawa kyauta. Ƙungiyar manya da ke son a keɓe mata filin ranar Asabar daga ƙarfe huɗu zuwa shida ta biya, domin a wannan lokaci ta kori kowa. Makarantar koyon ƙwallo da ke karɓar kuɗin wata daga iyaye tana kuma atisaye a filin jama'a ta biya, kasuwanci take yi. Mai shirya gasar cin kofi da ke karɓar kuɗin rajista ya ba da kaso. Masu biki, masu taron siyasa da masu ajiye motoci su biya fiye da kowa, su kuma ajiye kuɗin gyara kafin su shiga, saboda ramukan rumfa da sawun tifa a jiƙaƙƙiyar ƙasa sun fi ƙwallon shekara guda ɓata fili. Idan aka kafa fitilu, wasan dare ya zama na kuɗi, da farashin da zai biya mai ko batir ya kuma bar wani abu na sauya fitila. Daga asuba zuwa hantsi, da kuma daga tashi daga makaranta zuwa magariba a ranakun aiki, filin ya kasance a buɗe ga kowa ba tare da ko sisi ba, kuma a rubuta wannan a allo a bakin fili domin kada wani ya zo daga baya ya murɗe. Ya kamata a ware wa 'yan mata da makarantun da ba su da fili nasu lokacin, domin in aka bar abin ga mai ƙarfi ba za su taɓa samu ba.

Inda irin wannan tsari yake mutuwa shi ne hanyar da kuɗin ke bi. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa kula da wuraren shaƙatawa da buɗaɗɗun filaye cikin ayyukan ƙaramar hukuma, to amma kuɗin da ya shiga babban asusun hukuma da wuya ya dawo ya zama tifar burji. Wanda aka karɓa hannu da hannu kuma ba ya ma kai wa asusun. Mafita ita ce kwamitin fili mai wakilin ƙaramar hukuma, mai unguwa, shugaban makarantar idan filin nata ne, da wakilan ƙungiyoyin da ke wasa a wurin, da asusun banki da sunan filin wanda ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. A riƙa biya ta tiransifa kawai, a liƙa jadawalin mako da abin da ya shigo da abin da aka kashe duk ƙarshen wata. Ƙungiyar da ba ta da kuɗi amma za ta kawo matasa ashirin su cike rami su zana layi, a lissafa mata aikin a madadin haya.

Akwai kuma tayin da 'yan kasuwa ke kai wa hukumomi, na a ba su wani ɓangare na filin jama'a su shimfiɗa kafet su riƙa haya. Ba mu ƙi shi gaba ɗaya ba, tunda mita 800 a kusurwar babban fili ba za ta hana kowa wasa ba, tana ma iya kawo haske da mai gadi. Amma a rubuta yarjejeniyar: shekara nawa, ba ginin shago ko ɗaya, babban filin ya tsaya da cikakken awonsa, awanni kaza a mako kyauta ga makarantun unguwar da safe kafin kafet ya yi zafi, da kuma wanda zai kwashe tsohon kafet da tan-tan na yashi da roba idan wa'adinsa ya cika. Wannan sharaɗi na ƙarshe ana yawan mantawa da shi, alhali garin robar ba ƙaramar shara ba ce. Tarayyar Turai ma ta yanke a 2023 cewa daga 2031 za a daina sayar da shi domin zubawa a filaye, saboda yadda yake bin ruwa. Idan yarjejeniyar ba ta ambaci kwashewa ba, ɗan kasuwar zai ɗauke fitilunsa da ragarsa ya tafi, unguwar ta gaji ruɓaɓɓen kafet da ba a iya wasa a kai, ba a kuma iya mayar da wurin filin ƙasa sai an biya masu tifa.